Ranar da Na Jiƙa Littafin Hamani

Tuƙi dai na iya shi. A soja na koya, kuma duk Kurfai babu wanda zai nuna mini sitiyari. Shekarar da aka kawo wa kumandan na Filinge kamiyo, babbar motar kaya, sai aka ce ana neman direba, amma sai mai permi, wato takardar izinin tuƙi. Permin kuwa sai an je Yamai an amsa tambayoyin dokar hanya a takarda.

Nan gizo ke saƙa. Tun da na dawo daga soja na bar mutanen gari suka ɗauka na iya karatun Nasara. Ban ce na iya ba, amma in an faɗa a gabana sai in gyara hula.

Littafin dokar guda ne a garin, na Hamani tafintan kumandan. Ya miƙo mini ya ce, "Kailu, kwana bakwai. Ka riƙe shi da kyau, babu wani awa shi har Yamai."

Kwana biyar ina zaune gindin rumbu ina kallonsa. Zanen na gane, rubutun kuwa tururuwa ce kawai a jere. In je in ce a karanta mini? Ni, tsohon soja? Girman kai ya hana.

Rana ta shida na tuna yadda ake yi wa mai taurin kai a makarantar allo: a rubuta, a wanke, ya sha. Na ce ai rubutu rubutu ne. Na sa littafin a ƙwarya, na zuba ruwa, da niyyar in wanke kaɗan in sha ruwan, in shanya littafin. Tawadar Nasara ta ƙi fita. Na cuɗa, takardar ta narke kamar kunu. Tun da ɓarna ta riga ta auku, na runtse ido na shanye.

A haka matata Rakiya ta same ni, da takarda a gemu. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. "Maigida, mi kaka sha?" Kunya ta rufe ni har na ji zazzaɓi.

Washegari na kai wa Hamani bangon, na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ya juya bangon a hannu. "Kailu, takardar sallamarka ta soja ta hannuna ta biyo. Yatsa ka dangwala. Na san ba ka karatu tun ran da kaz zo."

Ya nuna mini zaurensa, tabarmi biyu a shimfiɗe.

"Kwana shidda ina jiranka bayan la'asar, in karanta maka, in koya maka inda za ka sa alama. Yanzu mi za ni karantawa?"

Wani Badosse aka ɗauka direban kamiyon. Shekara goma sha ɗaya yana wucewa ta ƙofar gidana, kuma ko canjin giya bai iya ba.