Yatsan da Malam Kalilu Ya Dangwala

"Sake karanta mini, Malama. A hankali."

Zinariya ta gyara tabarau, ta matsar da wayar kusa da hasken ƙofar zaure. Karo na uku ke nan. Shekara talatin ta yi tana koyar da Turanci, ba ta taɓa ganin layi huɗu sun tayar wa dattijo hankali haka ba.

"Masu ɗora wasan ne suka ce lauyoyin kamfanin da ya mallaki wasan sun aiko musu da takarda. Ba su da izinin ɗora shi. Nan da kwana goma za su rufe."

"Da sunana a sama."

"Sunan kowa suke sawa, Malam Kalilu. Na'ura ce."

"Na dangwala," ya ce, yana kallon babban yatsansa kamar ba nasa ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Kafin ya yi ritaya, masinjan kotu ne. Shekara ashirin da takwas yana yawo daga Daura har ƙauyukan Mai'adua, sammaci a jaka, ɗan gwangwanin tawada a aljihu. Wanda bai iya sa hannu ba sai ya dangwala yatsa, kuma daga nan babu sauran musu, ya karɓa. To da safen nan rubutun ya fito masa a fuskar waya, da ɗan akwati a ƙasa, ya danna da babban yatsa kafin ya tsaya ya duba.

Wasan ma ba nasa ba ne. Na ɗansa Yazid ne, wanda ya fara buga shi tun yana saurayi a shagon intanet na bakin kasuwa. Wasan noma ne: a ba ka fili, ka shuka, ka yi maƙwabta da mutanen wasu ƙasashe. Kamfanin ya watsar da shi tuntuni, wasu masu sonsa suka tayar da shi da kansu, Yazid ya sake gina gonarsa a waya. Da mota ta buge shi a hanyar Katsina shekara biyu da suka wuce, wayar ce ta dawo gida lafiya. Uban ya sa sunansa a rajistar wasan don kada a rufe gonar. Tun daga nan, kullum bayan sallar asuba, sai ya buɗe ya yi mata ban ruwa.

Zinariya ta kira 'yar ƙanenta Firdausi, lauya a Katsina, ta sa murya a fili.

"Gwaggo, gaskiya doka ta hana ɗora wasan wani ba izini. Amma masu ɗorawar ake bi. Ba a saba kama mai bugawa ba."

"Ka ji ko?" in ji Zinariya.

"Na ji. Cewa ta yi ba a saba ba. Ba ta ce ba a yi ba." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Malama, sau nawa na tarar da mutum yana cin tuwo, yana cewa ba a saba ba?"

"To a goge shi mana, kowa ya huta."

"Goge shaida? Laifi na biyu ke nan." Ya dubi wayar. "Kuma in na goge, ina yaron zai tsaya?"

Ya tura mata wayar a kan tabarma. "Ajiye mini. In sun zo, kada su same ta a ɗakin matata Laraba."

Ta kai ta gida, ta naɗe a tsohon ɗankwali, ta tura cikin tukunyar gero. Ita da ke yi wa matan unguwa dariya in sun ce akwai aljani a waya, sai ga ta tana waiwaye a tsakar gidanta. Ta san babu mai tasowa daga wata ƙasa don dattijon da ke shayar da karas na hoto. Amma in za a rantsar da ita, za ta rantse? Ta ga an ɗaure mutane a kan abin da bai kai wannan ba.

Daga ranar, Malam Kalilu ya fara zaman ƙofar gida. Da hantsi zai fito da farar riga mai guga, hula a kafe, ya zauna a benci. Ya sha faɗa cewa mutumin kirki ba ya bari a shiga ɗaki a fito da shi. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layin, sai ya dafa gwiwa zai miƙe.

Laraba matarsa ta leƙo ta katanga a rana ta biyar.

"Yaya, ba ya ci. Maganin hawan jinin ma sai na yi da gaske. Ni dai na ce sammu ne aka yi masa ta wayar nan."

"Ba sammu ba ne, Laraba. Tsoro ne."

"Na me? Shi da ya tsorata rabin ƙasar nan?"

"Shi ya sa."

Ranar ta takwas, Zinariya tana share ƙofar gida, wani babur ya tsaya. Mutum ne mai rigar kaki, da jaka a kafaɗa. Tsintsiyar ta tsaya a hannunta.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Kalilu masinja?"

"Ni ne." Ya miƙe tsaye, ya gyara hula. Mutumin ya zaro farar ambulan. Malam Kalilu ya karɓa da hannu biyu, sannan ya miƙa babban yatsansa.

"A'a, Baba, ba sai ka sa hannu ba," in ji mutumin yana dariya. Ya tayar da babur ya tafi.

Malam Kalilu ya koma ya zauna. Zinariya ta yar da tsintsiya ta taho, ta fizge ambulan, ta yage bakinta da haƙori.

"Malam! Katin biki ne! Mati da kuka yi aiki tare, shi zai aurar da ɗansa. Ka ji? Biki ne!"

Ya dube ta, gefen bakinsa ya riga ya karkace. "Ku ce musu," ya ce da ƙyar, "ni na buga. Ba yaron ba."

Kafin a samo mota zuwa asibiti, rai ya yi halinsa. Aka kai shi bayan la'asar.

A wajen zaman makoki kowa da tasa. Wata ta ce wasan banza ya kashe tsoho. Wata ta ce ai dama an ce wayoyin nan ba su kaɗai suke ba. Zinariya ta ci gaba da jan carbinta.

Ranar ta goma, ranar rufe wasan, bayan sallar asuba, ta tura hannu cikin tukunyar gero, ta ciro wayar. Sauran caji kaɗan. Gonar ta buɗe: ganye ya yi yaushi, ga ɗan mutum da hular kaba tsaye bakin rijiya, an rubuta Yazid a saman kansa. Ta daɗe tana laluben inda ake dannawa. Da ta samu, ɗan mutumin ya ɗauki guga, ya bi kunya ɗaya bayan ɗaya, ganyen yana miƙewa.

Yana tsakiyar kunya ta huɗu hoton ya tsaya. Gugan na karkace, ruwan bai kai ƙasa ba.

Ta hure ƙwayar geron da ta maƙale a gefen gilashin, ta ajiye wayar a kan tabarma, fuskarta sama.