Muciyar Ƙarƙashin Kujera

Yahaya ya dafe bonet ɗin da kafaɗarsa, Baba Lado mai walda kuma ya cusa kai ciki yana ƙwanƙwasa wani ƙarfe da tsatsa ta cinye. Ruwan da aka yi da asuba bai gama tsanewa daga rumfar ba, yana ɗiga a kan tsohuwar Fijo 504 ɗin, farar mota da shekaru suka mayar ruwan madara.

Ƙarfen da suke fama da shi matokarin bonet ne, irin na da, mai gwiwa a tsakiya. In yana da lafiya, mutum ya ɗaga bonet sai gwiwar ta miƙe ta kulle da kanta. Wannan kuwa tun kafin a haifi Yahaya ƙusar gwiwarsa ta karye, yake kwance a gefen inji, ba wanda ya sake waiwayarsa.

Lado ya ce sau nawa ya roƙi Maɗugu ya bari a gyara masa shi kyauta, ya ƙi. Ya ɗago yana share gumi da bayan hannu. "Ubanka da taurin kai. Ya san ka kawo ta nan?"

"Yana barci na turo ta."

Lado ya yi dariya, ya ce to Allah Ya tsare su duka biyun.

Mahaifin Yahaya, Maɗugu, mutumin Maraɗi ne da tuƙi ya zaunar a Jibiya. Da wannan motar ya yi rayuwarsa tsakanin garuruwan biyu, kuma da ita ya ɗauko amaryarsa Rakiya. A ranar ne, a bakin iyaka, ma'aikacin kwastam ya ce a buɗe ya ga lambar inji, matokarin ya karye, bonet ya faɗo. Ango ya rasa yadda zai yi. Sai amarya, daga cikin lulluɓi, ta zaro sabuwar muciya daga kayan aurenta ta miƙo ta taga. Da ita aka tokare bonet. Muciyar ba ta taɓa ganin tukunya ba. Ƙarƙashin kujerar direba ta tare, ta yi baƙi da man inji, har mutanen Magama, garin bakin iyaka, suka laƙaba wa motar suna Mai Muciya.

Bara ne ɓarin jikin Maɗugu na hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba. Shekaranjiya kuma saƙo ya zo cewa ƙanwarsa Bilkisu tana kwance a Maraɗi, jikin ya yi tsanani, sunansa take ta kira. Maɗugu ya yarda Yahaya ya tuƙa, amma ya ce shi zai buɗe wa kwastam bonet da hannunsa kamar kullum, ba za a tsallaka da shi yana zaune kamar buhun gero ba. Jiya da yamma ya gwada a ƙofar gida. Ya ɗaga da hannun dama, ba hannun da zai saka muciya. Bonet ya kuɓuce, saura ƙiris ya datse masa yatsu, maƙwabta suna kallo. Ya shige ɗaki ya ce ya fasa, su je su gaishe ta.

Yahaya ya san in Gwaggo Bilkisu ta tafi ba su gana ba, wannan ciwon zai fi na hannun.

Lado ya kwance ƙarfen, ya jiƙa shi a kalanzir, ya goge tsatsar har farin ƙarfe ya fito. Ya fitar da guntun tsohuwar ƙusar, ya yanko wata daidai ramin, ya daddake kanta da guduma a hankali don kada gwiwar ta ƙage. Ɗan sifirin da ke sa ta kulle ya mutu, sai ya ciro wani daga tsohon birkin babur ya rage masa tsawo. Da suka ɗaura, ya sa Yahaya ya maida hannun hagu bayansa, ya ɗaga da dama kaɗai. Na farko gwiwar ta noƙe. Lado ya ɗan lanƙwasa harshen ƙarfen, ya ɗiga masa baƙin mai. Na biyu sai suka ji ƙas, bonet ya tsaya shi kaɗai, iska tana kaɗa rigar Yahaya a ƙarƙashinsa.

Yahaya ya sauke bonet ɗin a hankali. Ya fara godiya, Lado ya katse shi, ya ce ya tafi kafin rana ta yi, ya kuma gaishe masa da Bilkisu. Da Yahaya yana share cikin motar ya ci karo da muciyar. A ganinsa aikinta ya ƙare, ya kai ta gida ya jingine a bakin madafa.

Shawo kan tsohon aikin Inna Rakiya ne. Ba ta yi masa maganar gyara ba. Ta dai ce ya shiga su raka ta bakin iyaka, in ya so daga can ya dawo a babur. Sai Maɗugu ya nemi hularsa.

A hanya yana ta kallon waje ta taga. Gero ya yi kore shar hagu da dama, manyan motoci sun yi layi a gefen titi, masu tallar dafaffen ƙwai da masu canjin sefa suna bin tagogi. Wani tsohon ɗan kamasho ya hango su ya ɗaga hannu biyu yana kiran Mai Muciya, ya ce ashe da rabon su sake ganinta. Maɗugu ya ɗaga masa hannu, amma fuskarsa ba ta saki ba.

Ma'aikacin da ya tare su matashi ne, bai san motar ba. Ya karɓi takardu, ya zagaya ta yana murmushi, ya ce a buɗe gaba. Yahaya ya ja mabuɗin bonet daga ciki, ya zauna bai fita ba. Maɗugu ya dube shi. Sannan ya sunkuya, ya miƙa hannu ƙarƙashin kujerar direba yana lalube. Ya lalubo babu.

"Ina take?"

Yahaya ya gane muciyar yake nema. Ya fara bayanin cewa ai yanzu ba a bukatarta, sai ya ga idon tsohon ya kaɗa. Maɗugu ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, ba a taɓa tsallaka iyakar nan da motar ba tare da ita ba, yau ma ba za a fara ba. A juya.

Daga kujerar baya aka ji motsin leda. Inna Rakiya ta zaro muciyar daga cikin mayafinta, ta miƙo ta tsakanin kujeru.

"Na gan ta a bakin madafa, Malam. Na ce wannan ba wurinta ba ne."

Ya karɓa. Ya fita da ƙyar, yana dogara ta kamar sanda, Yahaya na biye da shi taku ɗaya a baya. A gaban motar ya tsaya yana duban bonet, yana duban hannunsa guda. Yahaya ya matso kusa da kunnensa.

"Baba, jingine ta. Ka ɗaga kawai, har sama."

Ya jingine muciyar a jikin fitila. Ya sa yatsu, ya yi bisimilla, ya ɗaga. Bonet ya riƙa hawa a hankali, har aka ji ƙas. Ya ƙi saki. Sai da Yahaya ya ce masa ya saki, sannan ya janye yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Bonet bai motsa ba.

Ya daɗe yana kallon gwiwar ƙarfen da sabuwar ƙusarta. Ya shafa ta da babban yatsa, ya ce wannan dukan gudumar Lado ne, ko a mafarki ya gan shi zai gane. Daga nan ya gyara tsayuwa, ya nuna wa ma'aikacin inda lambar take, ya karanto masa ita da ka tun kafin ma'aikacin ya sunkuya. Matashin ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce Allah Ya kiyaye hanya, Baba.

Yahaya ne ya sauke bonet. Da ya juyo, tsohon ya dafa kansa, ya ce Allah Ya yi masa albarka, Ya ba shi masu yi masa. Yahaya ya amsa da amin.

Maɗugu ya ɗauki muciyar ya zagaya tagar baya, ya miƙa wa matarsa.

"Rakiya, ga aronki. Na gode."

Ta karɓa, ta juya ta a hannu, ta dubi baƙin man da ya ratsa itacen.

"Yanzu wane tuwo zan tuƙa da wannan?"

Ta sunkuya ta tura ta ƙarƙashin kujerar direba, ta ce ya shigo su tafi, Bilkisu tana jira. Aka ɗage ƙarfen shingen, Yahaya ya sa giya.