Fankar Motar Yaya

Da baƙo ne ya yi mini abin nan, wallahi ko a jikina. Amma Yaya! Uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni a bayanta, ita ce ta ɗauki waya ta shiga guruf ɗin danginmu ta naɗi murya: "Jama'a, ku yi hattara da Auta. Kayan jabu yake sa wa mutane a mota. Ni da nake yayarsa ma bai ƙyale ni ba."

Ina kwance a ƙarƙashin sitiyarin wata mota na ji saƙon, sai da na buga goshi da ƙarfe garin miƙewa. Ni mai wayarin ne, aikin wutar mota nake yi, kuma ba ni da wani jari da ya wuce sunana. Rabin motocin da ke shigowa garejina na dangi ne da abokan dangi. Kafin rana ta raba, Kawu, ƙanin Innarmu, ya aiko aka janye motarsa da ke jiran layi, ko sallama babu.

Ga yadda abin ya faro. Yaya tela ce, kuma ita ke kai Inna asibiti a motarta saboda ciwon ƙirji. Wata rana ta zo ta ce fankar esi ta haukace. A murɗa lamba ɗaya, shiru. Biyu, shiru. Uku, shiru. Ana kai huɗu sai ta taso kamar guguwa, tari ya sarƙe Inna. A kashe kuma zafi ya dafa baiwar Allah. In ana ruwa aka kunna hita don gilashi ya washe, nan ma haka.

Duk mai wayarin da ya ji wannan ya san inda gizo ke saƙa. Akwai wani ɗan abu kamar kwalin ashana a bayan akwatin gaban mota, muna ce masa rezista. Shi ke rage wa fanka wuta ta yi a hankali. Lamba huɗu ba ta bi ta kansa, shi ya sa ko ya ƙone ita tana nan daram. Na ciro shi, na ɗora mita, ba motsi. Na sa sabo. Na zaro filtar da ke tace iska, na tarar ta yi baƙi ƙirin, ga shi ba ni da irinta a ƙasa. Na kakkaɓe na mayar, na ce, "Yaya, wannan ta gama yayi, a canja ta da wuri."

Ta ce, "Bar mini wannan."

Ba a jima ba ta dawo, rezista ya sake ƙonewa. Tana sauri, mai ɗinki na jiranta a shago. Na ce, "Kin canja filtar nan kuwa?" Ta ce, "Sabuwa fil." Wa zai ce yayarsa ta rantse masa kafin ya yarda? Na sa wani rezistan, a gabanta na yage ledarsa. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. To, shi ne fa ta yi mini wannan tallar a dangi.

Na kira ta a waya. "Yaya, kawo motar."

"Don ka ƙarasa ta?"

"Ki kawo, kuma ki taho da Inna. A gabanta zan buɗe."

Washegari suka zo da hantsi. Na goge wa Inna benci a inuwa ta zauna, Yaya kuwa ta ƙi zama, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu kamar mai gadin jarrabawa. Na bi komai daki-daki, ina faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Fiyus lafiya. Makunni lafiya. Soket bai narke ba. Na sauke akwatin gaban, na kwance fankar na juya ta da yatsa, tana gudu sumul, ba ta cijewa. Rezistan kuwa ya yi baƙi, sai ƙauri yake yi.

Na mayar da fankar na kunna lamba huɗu, na kara tafin hannu a bakin iska. Ƙara kamar injin niƙa, amma iskar da ke fitowa ko kyandir ba za ta kashe ba.

Inna ta ce daga benci, "Ai kwanan nan haka take, sai surutu ba aiki."

Nan na fara gano bakin zaren. Shi rezista a cikin hanyar iska ake dasa shi, don iskar fankar ce ke sanyaya shi. In iska ta toshe, dahuwa yake yi a tsaye. Na buɗe murfin filta. Maimakon farar takarda mai ninki, sai na ga wani ɗan madauri na yadi ya leƙo, an ɗinke shi tsaf don a ji daɗin ja. Na ja, ya ƙi. Na sa ƙarfi, sai ga abu ya fito fut.

Jama'a, matashin kai ne! Soso mai kauri, an lulluɓe shi da yadi ninki biyu, an sa masa shafi a ciki, an kalmashe bakinsa da ɗinki mai kyau wanda ko makaho ya shafa ya san hannun wa ne. Daidai girman ramin, ko allura ba za ta wuce ta gefe ba.

Inna ta miƙo wuya ta ce, "A'a, wannan ai ragowar labulen ɗakina ne."

Na ɗaga shi sama na ce, "Yaya, wannan ce sabuwa fil?"

Ko gezau. Ta ce, "To mene ne? Waccan taku takarda ce kawai aka nannaɗe. Inna ce za ta yi ta shaƙar wannan dattin da ƙirjinta? Tawa ko ƙwayar ƙura ba ta wucewa."

"Ƙwarai kuwa! Ko iskar ma ba ta wucewa! Kin shaƙe mota, kin dafa mini rezista har biyu, sannan kin je kin ce ni ne ɓarawo!"

"Ni ban ce ɓarawo ba, jabu na ce."

Kai, takaici! Ni na taɓa shiga shagonta na ce zan yanka wa wani riga da almakashin waya? Na cije leɓe na ɗauko filta ta gaskiya, wadda na sayo na ajiye mata tun wancan zuwan, na zura. Na ɗaura sabon rezista, na mayar da akwatin. Na ce Inna ta shigo ta zauna. Na murɗa lamba ɗaya, iska mai sanyi ta fito a hankali. Inna ta lumshe ido ta ja numfashi har ciki, ba tari. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta."

Na juya wurin Yaya. "Inda kika ɓata ni, can za ki wanke ni. A guruf, da muryarki."

Ta zaro ido. "Ni? In tsaya gaban dangi in ba ƙanina haƙuri? Yaron da na yi wa wanka?"

Inna ta ce, "Ka yi haƙuri, ai yayarka ce." Kullum haka ne a gidanmu, babba ya taka ka, kai za a ce ka ba ƙafarsa haƙuri. Yaya ta fizge matashinta daga hannuna, ta kakkaɓe shi, ta ja mota suka tafi.

Da yamma wayata ta yi ƙara. Muryar Yaya ce a guruf, cike da fara'a: "Alhamdulillahi, mota ta gyaru. Na kai wa wanda ya san aikinsa." Ko sunana babu! Nan take aka yi ca. Wannan ta ce, "Ai da ma mun ce ki rabu da Auta." Wancan ya ce, "Zumunci daban, sana'a daban." Ina karantawa idona na yaji. Sai Kawu ya rubuto: "Turo mana lambar mutumin, tawa ma tana jira."

Can sai ga lamba Yaya ta turo, tsirara, ba suna, ba ƙarin bayani.

Ban gama dubawa ba waya ta hau ruri a hannuna. Kawu ne. Na ɗauka na yi sallama.

Ya ce, "Auta... kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Kawu. Sai dai ka bi layi, an cike gurbinka."