Kafin a Tare

Al'amarin ya fara ne ranar Alhamis ɗin da Midhat ya dawo garin Damanhur na ƙasar Masar daga Kuwait ba tare da ya sanar da kowa ba. Mutumin da ya saba sauka da akwatuna cike da barguna da turare, wannan karon jakar hannu ɗaya ya riƙo.

A hutun bazara aka ɗaura aurensa da Nashwa, malamar lissafi a makarantar 'yan mata. Tarewa kuwa an ajiye ta sai an gama gyaran gidan da ya kama a hawa na huɗu. Kamar kowace amarya a garin, Nashwa ta ci gaba da zama gaban iyayenta: matar aure a wurin Allah, budurwa a bakin unguwa. Kafin ya koma bakin aiki, sukan je duba masu fenti su biyu, kuma ba kullum suke tarar da masu fentin ba.

A wannan gidan ya nemi ta same shi bayan la'asar. Har yanzu katifa na cikin ledarta, tagogi a rufe, warin fenti bai fita ba. Bai miƙa mata hannu ba.

"Ba aiki na bari ba," in ji shi. "Sun ɗebi jinina don sabunta takardar zama. Daga asibiti sai filin jirgi."

"Me suka gani?"

Ya ambaci sunan cutar a hankali, yana kallon tayil. Ƙanjamau. Ya fara yi mata bayanin wata tsohuwar rayuwa da ya yi kafin ya san ta, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Likitan ya tambaye ni ko ina da mata," ya ci gaba. "Na ce an ɗaura, ba a tare ba. Ya ce ba wannan ya tambaya ba."

"To me ya tambaya?"

"Kin sani, Nashwa. Ya ce runguma da sumba ba sa kawo komai. Abin da ya wuce nan, muddin bai kai ga saduwa ba, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, amma ba a cewa babu. Balle idan akwai rauni a baki. Ya ce ki yi gwaji."

Harshenta ya tafi da kansa zuwa gurbin haƙorin da aka cire mata a makon ƙarshe na hutunsa. Ta tuna zazzaɓin da ya kwantar da ita bayan tafiyarsa, da ƙurajen da suka fito mata a ƙirji, waɗanda mahaifiyarta ta ce zafin gari ne. Mai yiwuwa zafin garin ne. Ta sauko matakalar ita kaɗai, tana riƙe da bango.

Maza suka gama maganarsu cikin rufin asiri. Mahaifin Midhat ya zo, aka rufe ƙofar falo, aka yarje a rabu ba hayaniya, a ce wa mutane hali ne bai zo ɗaya ba.

Washegari Nashwa ta tarar da mahaifiyarta, I'itimad, da Gwaggo Sabriyya, ƙanwar mahaifinta, a kicin suna naɗe shinkafa a ganyen kabeji.

"Ga bazawarar da ba ta san ɗakin miji ba," in ji Gwaggo tana dariya. "Zauna ki naɗe, 'yar nan, wannan fuskar taki sai ta tsinka mana miya."

"Bar ta, Sabriyya," in ji I'itimad. "Allah ne ya tsare. Da an tare a bazara kamar yadda uwarsa ta nace, da yanzu wani zancen muke yi."

"Ai shi ya sa na ce rowarsa ta yi rana. Da ya biya masu fenti da wuri, da mun shiga uku." Gwaggo ta lashe yatsa. "Ranar Asabar mu kai ta wurin likitar mata, ta duba ta rubuta mana cewa yarinya na nan yadda uwarta ta haife ta. Sakin da ba a tare ba, babu idda. Ɗana Ra'afat kuwa har yau bai kalli wata ba, sakaran."

Nashwa ta ɗauki ganye, ta zuba shinkafa, ganyen ya yage a hannunta.

"Mama, idan likitar ta ce ina nan yadda nake, shi ke nan?"

"To me ya rage?"

Nashwa ta ɗauki wani ganyen. Hannun I'itimad ya tsaya a kan tukunya. Ta dubi 'yarta, duban da ya daɗe fiye da yadda ya kamata, sannan ta mayar da idonta kan kabeji.

"Fenti kawai kuka je dubawa," ta ce. Ba tambaya ba ce.

Bayan azahar Nashwa ta daɗe zaune a kan dadduma. Ba ta ga zunubin da za ta nemi gafara a kansa ba. Mijinta ne, da shaidu da sadaki. Amma ta san abin da unguwa za ta kira shi, ta kuma san cewa takardar likitar mata za ta faɗi gaskiya tsantsa, ta rufe bakin kowa, ta buɗe wa Ra'afat ƙofa. Ra'afat da yake ɗaukar ta a kafaɗa zuwa kallon bikin maulidi tana ƙarama. Daga kicin tana jin Gwaggo tana lissafa waɗanda za a gayyata biki.

Ta naɗe daddumar ta ajiye. Ranar Asabar ba za ta bi su wurin likitar mata ba. Za ta hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya a ɗebi jininta, kuma kowane sakamako ya fito, za ta faɗa wa Ra'afat dalilin gwajin kafin ta amsa masa maganar aure.