Dutsen da Cima ta sani

Cima tana tsince wake a gindin rumbu ranar da ɗanta Abdulaziz ya dawo karo na biyu daga neman dutse, tafin hannunsa a goge, gwiwar wandonsa ta yage. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Yamai. Ya zo bakansi, hutun makaranta, a ƙauyensu kusa da Tamaske tare da matarsa Salma da ƴaƴansu biyu, Fatiha mai shekara shida da Mahdi mai huɗu. Tun a mota yaran suka hango duwatsun Adar suka ce sai sun hau, shi kuwa ya yi musu alkawari.

Alkawarin ne ya zame masa aiki. Dutsen da yake hawa yana yaro ruwa ya zaftare gefensa. Na hanyar Keita kuma a tsaye yake kamar bango, tsakuwa na gudu ƙarƙashin ƙafa.

"Babu wurin da za a kai ƙananan yara," in ji shi, Salma tana wanke masa hannu. "Na duba har cikin waya, ba a rubuta komai ba a kan nan."

"To a bari mana," in ji Salma. "Ni dama hankalina bai kwanta ba."

Fatiha ta ji, ta juya fuska ga bango.

Cima ta kaɗe zanenta. "Wane dutci ka tambaya, wa kuma ka tambaya? Gobe in an yi asuba ku shirya. A cika bido biyu da ruwa."

"Inna, da gwiwar taki?"

"Gwiwata ta san wurin ta hi ka."

Rana ba ta gama fitowa ba suka ratsa gonaki, gero ya yi kai ya sunkuyo. Cima na gaba da sandarta. Ba ta nufi fuskar dutsen da ake gani daga gari ba. Ta zaga da su ta arewa, ta bi wani ɗan kwari, sai ga gangara mai sauƙi, an jera mata duwatsu layi bisa layi tun daga ƙasa har sama, itatuwan ƙaya sun yi inuwa a tsakani.

Abdulaziz ya tsaya. "Wa ya yi wagga matakala?"

"Ba matakala ba ce, tarbon ruwa ne. Mu munka yi shi, lokacin furoje, babban aikin nan na gyaran ƙasa, kana goye a bayana. Maza duk sun tahi bakin teku neman abinci. Dutcen ga ƙwal yake a lokacin, ko akuya ba ta tsayawa."

Ta faɗi haka tana kallon gaba. Shekaru da yawa ba wanda ya tambaye ta.

Kafin su fara ta tara yaran. Ta nuna musu yadda ake taka dutse a girgiza shi da ƙafa kafin a ba shi nauyi. Ta ce kada wanda ya sa hannu a rami, gidan kunama ne. In hannu ɗaya ya saki, ɗayan da ƙafafu biyu su riƙe. Ta sa Salma a bayan Fatiha, Abdulaziz a bayan Mahdi.

"Kai kuma maigidana," ta ce wa Mahdi cikin wasan kaka da jika, "in ka gaji ka hwaɗa, kada ka ba ni kunya gaban mutane."

"Ba na gajiya," in ji Mahdi. Layi na huɗu ya nemi a ɗauke shi.

Suna hawa suna hutawa, don kowane layi yana da ɗan fili a bayansa inda ƙasa ta taru ciyawa ta fito. Ko yaro ya zame, nan zai zauna. Cima tana kiran wuraren da sunan matan da suka yi su. Nan layin Zali ne, wadda ke ɗaukar dutsen da mata biyu ke ɗagawa. Can Asiya ta haƙa rami arba'in cikin yini uku, Allah ya ji ƙanta. Salma, da ta taso a birni, ta durƙusa ta gwada ɗaga dutse guda daga layin, ta kasa motsa shi.

"Inna, a kai kuka ɗauko waɗannan?"

"A kai. Babbar mota kamiyo na zube su ƙasa, mu mu hau da su."

Dab da sama akwai wani falalen dutse, tsayinsa ya ɗan fi mutum, yana da tsage-tsage. Ta gefe akwai hanyar zagayawa, amma Fatiha ta ce ita ta nan za ta bi. Ta kama, ta hau rabi, sai ta leƙa ƙasa. Ta maƙale a wurin.

"Baba!"

Abdulaziz ya miƙa hannu zai sauko da ita. Cima ta tare shi da sanda.

"Tsaya ƙarƙashinta, buɗe hannuwanka, amma kada ka taɓa ta." Ta matso jikin dutsen. "Fatiha, dube ni. Mi kika gani bisa hannunki na dama?"

"Tsaga."

"Akwai rami cikinta?"

"Babu."

"To kama. Yanzu ɗaga ƙahwar hagu, akwai wuri daidai gwiwarki. Taka ki ji. Ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"Tashi bisanshi."

Yarinyar ta ja numfashi ta tashi. Sau biyu kuma, sai ga ta kwance rub da ciki a saman falalen, tana dariya da hawaye a fuska. Salma ta saki guɗa ba ta sani ba, ta rufe baki don kunyar surukarta. Cima ta karɓa mata da wata guɗar da ta fi tata tsawo, har tsuntsaye suka tashi daga ƙaya.

Suka zaga suka same ta. Daga can ana ganin fadama shar, da rumbunan gari, da hasumiyar masallacin Tamaske can nesa. Suka zauna suka sha fura. Abdulaziz ya daɗe yana duban layukan da suka biyo, yana ƙirgawa da yatsa, ya kai ashirin da bakwai.

"Ina koya wa ƴan lakwal labarin gyaran ƙasar Adar kowace shekara," ya ce a hankali. "Ban taɓa ce musu uwata na ciki ba."

"To bana ka hwaɗa musu. Ka sa da sunan Zali."

Saukowa ta fi ba Cima wuya. Gwiwar ta kumbura, sai da ta dafa kafaɗar Salma har gonaki, kwana biyu kuma ba ta je ko rijiya ba. Fatiha kuwa ta bi gida gida tana nuna yadda ake girgiza dutse da ƙafa. Ranar Juma'a da safe matan unguwa uku suka yi sallama, kowacce riƙe da ƴaƴanta, suna tambaya ko gaskiya ne akwai inda yaro zai hau ba tsoro. Cima ta ce akwai. Ta ce ita ba za ta iya komawa ba sai gwiwa ta sauka, amma surukarta ta san hanya. Salma ta ɗaura ɗankwali, ta karɓi sandar, ta sa yaran a layi.