Giram Ɗari Uku

"Ɗago ta! Riƙe kanta, kada ya bugi ƙarfen nan!"

Muryar Koci Ekwalla ce Odile Djuidje ta fara ji, can nesa kamar daga cikin rijiya. Ta buɗe ido ta ga rufin gidan burodin yana juyawa. A kwance take a kan siminti, taku uku daga bakin tanda, jikinta cikin rigar ruwa biyu, an naɗe wuyan hannu da na ƙafa da salatif don kada iska ta shiga. Tun asuba take tsallen igiya a wannan zafi. Kwana biyu rabonta da abinci, wuni guda rabonta da ruwa.

"Ekwalla, idan mutuwa za ta yi ka fitar min da ita titi," in ji Pa Dikoume mai gidan burodin, yana share fulawa daga hannunsa. "Ɗaki na ba ku aro, ban ba ku maƙabarta ba."

"Rufe mana baki, tsoho. Kunama, kina ji na? Yatsu nawa ne nan?" in ji Koci, yana kiran Odile da sunanta na fagen dambe.

"Sikeli," Odile ta ce. Harshenta kamar busasshiyar fata.

Suka yage salatif ɗin, suka cire mata rigunan ruwan, suka tallafe ta zuwa babban sikelin da ake auna buhunan fulawa. Allurar ta yi rawa, ta tsaya. Kilo hamsin da shida da giram ɗari shida.

Koci ya daki cinyarsa. "Kin sauka! Har da rarar giram ɗari! Gobe kambun nan a unguwarmu Bepanda zai kwana."

Abin da ake nema hamsin da shida da ɗari bakwai ne. Gobe Asabar za ta shiga keji da wata 'yar Angola, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, a karon farko da aka ba ta damar kambu cikin shekara goma sha ɗaya tana wannan sana'a. Shekarunta talatin da huɗu. Bara a Abidjan ta haura awo da rabin kilo aka soke wasan, mai shirya gasar, Mesiye Eyoum, kuma ya faɗa mata a gaban mutane cewa idan ta sake, ta nemi tire ta fara sayar da gyaɗa.

Ƙarfe sha biyu saura suka isa otal ɗin da za a yi awon, a unguwar Akwa ta birnin Douala, a kan acaɓa biyu. Zauren cike yake da 'yan jarida da samari masu ɗaga waya sama, kowa yana nuna wa duniya kai tsaye. A bakin ƙofa yayarta Berthe ke jira, riƙe da kular farfesun kifi da gorar ruwa.

"Yesu! Dubi idonki ya faɗa kamar na gawa."

"Yaya, ya jikin Baba?"

"Yana nan yadda kika bar shi. Hannun dai bai motsa ba. Ya sha kunu cokali huɗu, ya ce a gaya miki ki riƙa kare haƙarƙarinki na hagu."

Wata na biyu ke nan da shanyewar rabin jiki ta kwantar da mahaifinsu a ɗakinsa na Bepanda. Odile ta gyaɗa kai kawai. Magana ma tana cin ƙarfi.

Aka kira 'yar Angolar, Lurdes Kiala, ta hau ta sauka lafiya, nan take ta kafa kai a robar lemo tana kallon Odile ta gefen ido. Aka kira Odile. Ta tuɓe, daga ita sai ɗan wando da rigar mama, ta hau.

Alƙalin awon ya duba, ya gyara tabarau, ya sake dubawa.

"Hamsin da bakwai cif. Ta haura da giram ɗari uku."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Koci ya yi tsalle ya hau dandamalin.

"Ƙarya ne! Sikelinku ya lalace! Yanzu muka auna ta!"

"A ina?"

Nan take Koci ya gane. Ya dafe kai da hannu biyu. "Sikelin Dikoume," ya ce a hankali. "Da shi yake auna fulawar da ake kawo masa. Sikelin mai saye! Yaushe sikelin mai saye ya taɓa faɗin gaskiya? Kai, Ekwalla, furfurarka ta banza ce."

Mesiye Eyoum mai shirya gasar ya matso. Bai ɗaga murya ba.

"Doka ta ba ki awa ɗaya, Djuidje. Ƙarfe ɗaya daidai. Idan kin haura ko da nauyin tsinken ashana ne, ga yarinya can 'yar shekara ashirin da biyu ta riga ta yi awo, tana jira. Ke kuma kin san maganarmu."

Suka shige banɗakin mata, su uku. Koci ya buɗe famfon ruwan zafi duka, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul. Odile ta sake shiga rigar ruwa tana gudu a wuri ɗaya. Minti goma. Minti ashirin. Tururi ya rufe madubi, Berthe ta jiƙe sharkaf, Koci yana ɗiga, amma fatar Odile a bushe take kamar takarda. Ya ba ta cingam don ta tara yawu. Ta tauna, ta yi ƙoƙarin tofawa, ba abin da ya fito. Ta shiga bayi ta zauna, ta fito tana girgiza kai. Ƙafarta ta dama ta ƙage, ta zube a gindin famfo tana cije leɓe.

"Ya isa!" Berthe ta kwance murfin gorar. "Sha. Wallahi sai kin sha. Mara lafiya ɗaya ya ishe ni."

Odile ta kau da fuska. Ƙamshin ruwan kawai ya sa hawaye ya so zuwa, amma babu ruwan da zai yi hawayen.

Koci ya duba agogo. Ɗaya saura ashirin da biyar. Ya durƙusa a gabanta, ya daɗe yana kallon kanta. Shekara tara Odile tana tara gashin nan, murɗaɗɗe igiya-igiya, kauri kamar yatsa, har gadon baya. Ya miƙa hannu ya ɗaga shi a tafinsa kamar mai tayin nama a kasuwa.

Berthe ta doke hannun.

"Kada ka soma."

"Madam Berthe, akwai fiye da giram ɗari uku a nan."

"Na ce kada ka soma! Kai ɗan bakin teku ne, me ka sani game da al'adarmu? A wurinmu 'ya ba ta aske kai sai ranar da aka rufe ubanta. Tsohon nan yana kwance yana numfashi, kana so ta fita gaban wayoyin nan da ƙwaryar kai? Kafin ta sauka daga sikeli an gani har a garinmu Bandjoun!"

"Gashi ne fa, zai sake tsirowa."

"Uba fa? Shi ma tsirowa yake?"

Odile ta jingina kai da bango. Ta tuna ranar da aka binne kakansu, yadda aka jera su a kan benci, wata gwaggo tana bi da reza ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna kuma rumfar kifin da ta bari tana shekara ashirin da uku, da haƙoranta biyu da suka zube a Libreville, da mijin da ya ce ta zaɓa tsakaninsa da keji.

"A rage," ta ce. "Iya kafaɗa. Ragewa ba aski ba ne, Yaya."

Berthe ta yi tsaki, ta juya baya. Koci ya zaro almakashin da yake yanka bandeji. Gashin ya yi tauri, sai da ya riƙa ciza shi da almakashin igiya ɗaya-ɗaya. Kowace ta faɗo, Berthe ta sunkuya ta tsince ta ta zuba a jakarta, tana ƙunƙuni. Ko tana fushi ba za ta bar gashin 'yar uwarta a banɗakin otal ba, inda ba a san hannun da zai ɗauka ba.

Ɗaya saura kwata suka fito. Alƙalin ya yarda ta gwada. Ta hau.

"Hamsin da shida da ɗari takwas. Saura giram ɗari."

Lurdes ta yi wata magana da yarensu, mutanenta suka fashe da dariya. Wani saurayi ya yi ihu daga baya: "Kunama, ki tofar da fushin, shi ne ya yi nauyi!" Yarinyar da ke jiran gurbin ta miƙe tsaye tana miƙa, kamar an riga an kira ta.

Aka kawo tawul, mata biyu suka kare ta, ta cire sauran abin da ke jikinta. Sikelin ya sauka da giram talatin. Ya tsaya a nan.

"Minti tara," in ji alƙalin.

Odile ta mayar da kayanta, ta sauko, ta miƙa wa Koci hannu tana kallon almakashin. Ya kalli Berthe, ya kalli hannun.

"Kunama, ki yi tunani."

"Ba ni."

"Odile." Muryar Berthe ta sauya, babu faɗa a cikinta yanzu. "Ƙanwata. Ni na goya ki. Ki bar musu abinsu mu tafi gida. Rumfata ta ishe mu mu biyu. Kada ki yi wa Baba haka."

"Idan na bi ki yau, Yaya, gobe wace ce ni?"

"'Yar ubanki."

Odile ta karɓi almakashin. Ba ta koma banɗaki ba, babu lokaci. A nan gefen dandamali, a gaban wayoyi sama da hamsin, ta kama igiyar farko ta goshi ta datse ta daga tushe. Almakashin ya ci fata, jini ya ɗan tsattsafo. Wasu mata biyu 'yan tsaunukan yamma, yankin su Odile, da ke cikin masu kallo suka rufe baki da hannu, ɗaya ta fita da gudu. Odile ba ta ɗaga ido ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har kan ya zama tabo-tabo, fari a wani wuri, baƙi a wani. Wannan karon babu wanda ya sunkuya ya tsince.

Ta hau sikeli ɗaya saura minti biyu. Lambobin suka yi rawa. Ta fitar da duk iskar da ke ƙirjinta ta riƙe.

"Hamsin da shida da ɗari bakwai. Ta yi awo!"

Ihu ya tashi. Koci ya rungume ta yana kuka kamar ƙaramin yaro. Mesiye Eyoum ya tafa sau biyu, ya ce da mai ɗaukar hotonsa, "Wannan kan za ka sa a allon talla." Aka tsayar da ita gaba da gaba da Lurdes. 'Yar Angolar ta kalli jinin da ke bin goshinta, ta daina murmushi.

A wani lungu na zauren Koci ya zaunar da ita, yana ba ta ruwan gishiri da sukari da murfin gora, kurɓi ɗaya duk minti. Berthe tana tsaye nesa kaɗan, wayarta tana ruri tana katsewa, tana sake ruri. A karo na shida ta ɗauka. Ko daga inda Odile take tana jin kururuwar da ke fitowa daga wayar.

Berthe ta daɗe tana saurare. Ta sauke wayar, ta zo ta tsaya a kanta.

"Gwaggo Magne ce. An tura mata hotonki a kasuwa, ta rufe rumfa ta taho gida tana birgima. Matan unguwa sun cika tsakar gida. Har an fara fitar da kujerun zaman makoki."

"Ki gaya musu yana raye mana!"

"Sun gani da idonsu yanzu. Amma sai da suka yi minti ashirin suna kuka suna kiran sunansa a gindin tagarsa." Berthe ta jefa wayar a jaka. "Yana jin su. Ya kira Gwaggo, ya tambaye ta wa ya mutu."

"Me ta ce masa?"

"Nuna masa wayar ta yi."

Berthe ta ajiye kular farfesun a ƙasa kusa da ƙafarta, ta rataya jaka, ta fita ba ta waiwayo ba.

"Ci," in ji Koci bayan wani lokaci. "Ki ci a hankali. Gobe Asabar ki karɓo kambun ki ɗora masa a gado, ki ga idan bai yi dariya ba. Tsofaffi sun fi mu son nasara."

Ta buɗe kular. Ta kai cokali uku. Zauren ya fara watsewa, ma'aikata suna naɗe wayoyin lantarki, wani yana share gashinta da tsintsiya zuwa kwandon shara.

Inuwa ta rufe mata haske. Wani dattijo ne da ba ta taɓa gani ba, siriri, cikin shuɗiyar rigar gargajiya, da hular saƙi mai tuntaye. A hannunsa akwai reshe ɗaya na ɗanyen ganye dogo, irin wanda ake dasawa tsakanin masu rikici a garinsu.

"Ke ce Djuidje, 'yar Tagne Kamdem?"

"Ni ce, Baba."

"Dattawan garinmu na nan Douala suka aiko ni."

Ya sunkuya a hankali, ya ɗora ganyen a kan safar dambenta da ke saman jaka.

"Kin san abin da wannan yake nufi. Hannunki ba zai taɓa kowa ba sai dattawa sun zauna a kan maganarki."

"Yaushe za su zauna?" Koci ya tambaya.

Dattijon bai ko kalle shi ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da jakar, ya jingina sandarsa da gwiwa, kamar wanda ya zo da niyyar daɗewa.

"Lahadi," ya ce. "Bayan an taso daga coci."