Kiran Suna a Gonar Dawa

Jinin Jannat bai yi kama da wanda Sadiƙa ta saba gani a rumfar mahaifinta ba. Na rumfa yakan kwanta a kan teburin nama har ƙudaje su taru. Wannan kuwa ƙasar gona ce take shanye shi tun bai yi nisa ba, sai wani ya sake ɓulɓulowa daga cinyar yarinyar ya bi sawun na farko.

Sadiƙa ta tuɓe hijabinta na makaranta, ta murɗe shi kamar igiya, ta ɗaure cinyar daga saman raunin. Sai da ta haɗa da haƙori kafin ƙullin ya kama. Jannat ta buɗe baki za ta yi ihu. Sadiƙa ta danne bakin da tafin hannunta, yarinyar ta cije ta har sai da ta ji haƙoran a ƙashi. Ba ta janye ba. Karan dawa ya rufe su ta ko'ina, dogaye, sun fi tsayin babban mutum, kuma daga can filin makaranta har yanzu ana harbi.

Shekaranjiya akori-kura ta kwaso su daga makarantarsu ta firamare da ke Batsari, 'yan aji uku zuwa aji shida, kowa da tabarmarsa da kwanonsa. Hedimasta ya ce tunda an yi sulhu da 'yan bindiga hanya ta buɗe, bai kamata yaran gari su girma ba su iya bambanta gero da dawa a tsaye ba. Aka sauke su a wata makarantar ƙauye kusa da Zakka, a ƙasar Safana. Maza su kwana a aji ɗaya, mata a ɗaya. Da safe a hau dutse, da hantsi a zaga gonaki, da yamma a hura murhu a tsakar fili ana waƙa.

Sadiƙa dai ba ta so zuwa ba. Ita da ko ƙofa ta bugu sai gabanta ya faɗi, ta fi son a ƙyale ta a lungun aji da littafinta. Amma a bakin mota uwar Jannat, maƙwabciyarsu, ta kamo hannun 'yarta ta sa a nata, ta ce ga amana nan, ke ce babba. Jannat 'yar aji uku ce, bakinta ya fi jikinta girma. Tun kafin su fita gari ta raɗa wa Sadiƙa suna Hajiya Firgita, har direba sai da ya dara.

Ranar da suka sauka, Malama Zuwaira ta tara su a inuwar dogon yaro. Tana murmushi kamar wani sabon wasa za ta koya musu, ta ce in suka ji ta busa usur ba ƙaƙƙautawa, kowa ya ruga cikin dawa ya kwanta. Kada wanda ya fito don an ce yara ku fito. Sai wanda ya ji an kira sunansa da na mahaifinsa, kamar yadda ake yi a aji. Shafi'u monita, ɗan aji shida, wanda yake kiran suna kullum da safe ba tare da ya duba rajista ba, ya ɗaga hannu ya ce to shi wa zai kira shi, ko a gonar zai tare. Aka kwashe da dariya.

Yau bayan azahar, suna layin shinkafa da wake, aka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mani, ɗan bangar da ke gadinsu, ya miƙe da bindigarsa ta toka, bai kai ga ɗaga ta ba ya faɗi da baya cikin murhu, tukunya ta kife a kansa. Malama Zuwaira ta yi ta busa usur, tana tura yara da hannu, har wani ya sauko daga babur ya maka mata gindin bindiga a baki. Usur ɗin ya yanke. Sadiƙa ta fizgi hannun Jannat suka ruga. A bakin gona ta ji yarinyar ta yi nauyi farat ɗaya, harsashi ya huda mata cinya, ta ja ta a ƙasa kamar buhu har cikin kunyoyi.

Yanzu harbin ya tsaya. Wata murya ta taso daga filin, a sake, har da ɗan wasa a cikinta. Ta ce yara su fito, sojoji ne, an kori ɓarayi. Gonar ta yi tsit. Ko kara bai motsa ba.

Sai aka ji kukan Shafi'u. Ashe shi bai kai gona ba. Wani yaro da suka kama ne ya nuna shi, ya ce shi ne monita, shi ya san sunan kowa. Sadiƙa tana jin komai, don filin ba shi da nisa. Ta ji ƙarar fuskar adda tana sauka a bayansa, tim, tim, kamar ana bugun katifa. Shafi'u yana cewa wallahi ya manta, wallahi ba ya kira sai da takarda. Aka ce a miƙe masa hannu a kan benci. Abin da ta ji bayan wannan irin ƙarar da take ji ne in mahaifinta yana sara ƙashin rago, kuma ihun da ya biyo baya bai yi kama da na mutum ba.

Sannan muryar da suke ji kowace safiya ta fito, tana karkarwa.

"Mubarak Sharhabilu."

Daga kunyar da ke kusa da tasu wata 'yar murya ta ce, "Firezan," kamar a aji. Sadiƙa ta ga ƙafafun Mubarak, ɗan aji huɗu, suna wucewa ta tsakanin kara, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta so ta kamo shi, amma hannunta ɗaya yana bakin Jannat, ɗayan yana danne da ƙulli. Da ya isa filin ta ji mari, ta ji ya kira Innarsa, ta ji an yi dariya.

Shafi'u ya ci gaba. In ya tsaya, adda ta sauka. Wasu suka fita, wasu ba su fita ba. Da ya ce Jannat Nurain, yarinyar ta motsa, leɓɓanta suka yi ƙoƙarin amsawa a ƙarƙashin tafin Sadiƙa. Sadiƙa ta kwanta a kanta gaba ɗaya.

"Sadiƙa Armaya'u."

Gwiwoyinta suka tattaru da kansu za su tashi. Tun daga aji ɗaya ba ta taɓa karya dokar malami ba, ko ta sharar aji, kuma doka ta ce wanda aka kira ya fito. Shafi'u ya maimaita, yana kuka, yana roƙonta don Allah ta fito kada su karya masa ɗaya hannun. Ta cusa fuskarta cikin ƙasa, ta cika bakinta da turɓaya don kada wani sauti ya kuɓuce mata. Aka karya masa ɗaya hannun.

Daga baya wani ya shigo gonar yana sara kara hagu da dama. Ta ji warin fetur da taba, ta ga takalmin roba da ƙurar hanya a kansa, kusa da har za ta iya taɓawa. Addar ta wuce ta saman kanta, zangarniyar dawa ta faɗo mata a baya. Aka kira shi daga filin, aka ce lokaci ya ƙure. Babura suka tashi. Kukan yara ya yi nisa, ya yi nisa, har ya ɓace wajen daji.

Rana ta karkata. Tururuwa suka samu jinin. Jannat ta daina cizo, kuma wannan ya fi tsoratar da Sadiƙa. Ta ɗage hannunta a hankali. Yarinyar ta ce ƙishi take ji, ta ce sanyi take ji, alhali gonar kamar tanda. Can kuma ta ɗan buɗe ido ta ce, "Hajiya Firgita, kin yi fitsari a wando."

"Na yi," in ji Sadiƙa. "Kada ki faɗa wa kowa."

"Sai na faɗa."

Daga nan ba ta ƙara magana ba. Sadiƙa 'yar mahauci ce, ta san yadda dabba take yi in jini ya kusa ƙarewa, yadda shure-shure yake komawa ɗan motsi, ɗan motsin ma ya tsaya. In ba a fitar da Jannat daga gonar nan kafin rana ta faɗi ba, gawa za ta mayar wa uwarta. Amma in ta fita ta tarar sun bar wasu suna jira fa? Ta yi Ayatul Kursiyyu, ta rikice a tsakiya, ta sake ɗaukowa daga farko.

La'asar ta yi sanyi lokacin da babura suka dawo. Maza da yawa, suna shiga gonaki suna kiran sunaye. Sadiƙa ta ƙara lafewa. Ta sha jin matan unguwa suna cewa wani lokaci 'yan bindiga sukan tare iyaye a hanya, su sa musu bindiga a ƙeya, su ce su kira 'ya'yansu. Yanzu kam babu sunan da za ta yarda da shi, ko daga bakin wa ya fito.

Wata murya ta matso, a dushe, kamar mai ita ya yi ta ihu tun daga Batsari. Tana kiran Jannat 'yar Nurain. Tana kiran Shafi'u. Tana kiran yaran unguwarsu ɗaya bayan ɗaya. Ta yi kama da ta mahaifinta, amma ba ta taɓa jin mahaifinta ya ɗaga murya haka ba, ko a kasuwa. Muryar ta kira kowa, ta tsallake ta.

"Malam Armaya'u," wani ya ce daga gefe, "ka kira taka mana. Yau ba ranar kunya ba ce."

Ita 'yar fari ce. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba, kamar yadda shi ma bai taɓa jin nasa a bakin kakarta ba. In zai aike ta sai ya ce ke. In yana maganarta da mutane sai ya ce waccan. Ranar da ta zo ta ɗaya a aji, sai ya ba ƙanenta tsire a takarda ya ce a kai ciki, bai faɗi ko na wa ne ba. Ta sha kuka a bayan ɗaki kan wannan.

Ta ji ya yi gyaran murya. Ta ji ya ja numfashi kamar zai faɗa.

"Ta san muryata," ya ce.

Ɗayan ya ce ai Malama ta faɗa musu sai da suna yaran za su fito, don Allah ya daure. Kara ya yi ƙara, ya matso har tana jin hakinsa.

"Ke," ya ce. Muryar ta karye. "Ke ɗin nan. Ni ne."

Sadiƙa ta ɗago kai. Da akwai bindiga a ƙeyarsa, da tuni sun matse sunan daga bakinsa kamar yadda suka matse shi daga bakin Shafi'u. Babu wanda ya tilasta shi. Shi ne, shi kaɗai da kunyarsa.

Ta tofar da ƙasar da ke bakinta.

"Baba."

Ya keto karan kamar sa, wuƙar fawa a hannunsa, rigar aikinsa da maiƙo a gaba, babu hula. Ya dube ta sau ɗaya, daga kai har ƙafa, ya ga jinin da ke jikinta ba nata ba ne. Sai ya juya ya durƙusa a kan Jannat, ya sa yatsu a wuyanta, yana kiran sunanta, yana cewa 'yar Nurain buɗe ido, ga Baba Armaya'u ya zo.

"Da ranta," ya ce wa mutumin da ya biyo shi. Ya taɓa ƙullin hijabin, ya gwada shi da yatsa. "Ɗaurin ya yi. Wanda ya ɗaura ya iya."

Mutumin Malam Sharhabilu ne, mahaifin Mubarak. Ya sunkuyo ya tambayi Sadiƙa a hankali ko ta ga ɗansa. Ta dubi kunyar da ke kusa, inda takalmi ɗaya yake kife. Shi ma ya duba. Ya ɗauki takalmin, ya kakkaɓe shi, ya sa a aljihu, ya nausa cikin gonar yana ci gaba da kira.

Armaya'u ya soke wuƙar a ƙugu, ya tuɓe rigarsa ta sama ya jefa wa 'yarsa a kai ba tare da ya kalle ta ba, sannan ya sungumi Jannat. Ya ce akwai mota a bakin hanya. Ya yi gaba.

Sadiƙa ta bi shi. Ƙafafunta sun mutu, tana tafiya tana tuntuɓe. Sai a lokacin ta lura babu takalmi a ƙafarsa, tsinin kara ya tsattsaga masa dugadugai, duk inda ya taka sai ya bar ja a ƙasa. Hannun Jannat yana lilo a kafaɗarsa, yatsun suna ɗan motsi. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Amma duk lokacin da ta tsaya ta ja numfashi, sai shi ma ya tsaya, ya gyara riƙon yarinyar, yana kallon gaba, har sai ya ji motsin kara a bayansa.